Alan Lomax: Mai Ajiya Ne Ko Mai Kaya?

A zaman karatun da reshenmu ya yi a watan jiya, wani ɗan'uwa ya gabatar da muƙala a kan Alan Lomax, Ba'amurken nan da ya shafe shekaru sittin yana bin ƙauyuka da gidajen yari da majami'u, yana ɗaukar waƙoƙin talakawa a faifai, daga baya kuma a fim. Mai muƙalar ya wasa shi iya wasawa, har ya ce shi ne ya "gano" manyan mawaƙan baƙaƙen fatar Amurka. Bai gama zama ba sai wani ya yi wuf ya miƙe, ya ce ai wannan mutum ba kowa ba ne illa Bature mai ci da gumin jikokin bayi. Aka yi ta cacar baki har aka kira magariba, aka watse kowa yana riƙe da tasa.

Mun ga ya dace mu kawo maganar cikin wannan mujalla tamu, domin kuwa ta wuce hirar shan shayi. Ta shafi duk wani ɗan ƙungiyar nan da ya taɓa durƙusawa gaban tsohuwa ya ce, "Iya, rera mini waƙar nan in rubuta." Matsayinmu kuwa a fili yake. Mai tattara waƙoƙin jama'a mai ajiya ne, ajiya kuwa amana ce, kuma abu biyu ake tambayar wanda aka ba shi amana: shin ya adana kayan? Shin ya mayar wa mai kaya kayansa? Lomax ya amsa tambayar farko da amsar da samun irinta sai an tona. A ta biyu kuwa ya yi tuntuɓe, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Masu yabonsa tambayar farko kawai suke son a yi, masu zaginsa kuma ta biyu kawai. Mu dai duka biyun za mu yi, sa'an nan mu juyo mu yi wa kanmu su.

Abin da ya adana

An haifi Alan Lomax a birnin Austin na jihar Teksas a 1915. Sana'ar gado ya yi, domin mahaifinsa John Lomax ya riga ya fitar da littafin waƙoƙin makiyayan shanu na yammacin Amurka tun a 1910. A 1933, Alan yana ɗan shekara 18, shi da mahaifinsa suka shiga kudancin ƙasar da wata na'urar ɗaukar murya mai nauyin kimanin kilo 140 a bayan mota, wadda take zana murya a kan faifan alminiyam. Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka suke yi wa aiki. Gidajen yari suka fi nufa, kuma dalilinsu yana da ma'ana: a can ne ake tara baƙaƙen fata a sa su saran itace da noman auduga daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ba rediyo ba garmaho, saboda haka waƙoƙin aiki irin na zamanin bauta suna nan da ransu, mutum ɗaya yana bayarwa saura suna amshi, gatura suna sauka tare.

Daga 1937 zuwa 1942 Alan ne ke kula da taskar waƙoƙin gargajiya ta wannan ɗakin karatu. A 1938 ya zaunar da Jelly Roll Morton, tsohon makaɗin birnin New Orleans da duniya ta fara mantawa da shi, a gaban piyano, ya bar shi yana kiɗa yana ba da tarihin kiɗan jaz da bakinsa, har abin ya kai wajen sa'o'i takwas. A nan ne muke ganin gwanintarsa ta gaskiya. Kafin shi masu tattara waƙa rubuta baiti suke yi su ƙara gaba. Shi kuwa yakan tambayi mawaƙi: wa ya koya maka, me kake ci, me ya sa ka rera wannan? A 1941, a gandun auduga na Stovall da ke jihar Misisipi, aka ɗauki muryar wani direban tarakta mai suna McKinley Morganfield. Aka sa masa faifan ya ji kansa a karon farko. Bayan shekara biyu ya tattara ya tafi Shikago, duniya ta san shi da sunan Muddy Waters.

A 1950, lokacin da ake farautar duk wanda aka zarga da kwaminisanci a Amurka, sunan Lomax ya fito a cikin jerin waɗanda ake nuna wa yatsa, sai ya ƙetare zuwa Ingila, ya zauna a Turai har 1958. Bai je hutu ba. Ya bi Ayalan da Sikotlan yana ɗaukar waƙoƙin masunta da mata masu aikin ulu. Ya shiga Sifen a 1952, 'yan sandan Janar Franco suna bin sawunsa ƙauye ƙauye. Ya zagaye Italiya a 1954 da 1955 tare da masani Diego Carpitella, a daidai lokacin da manoma ke barin ƙauyuka suna kwarara masana'antu. A 1959 ya koma kudancin Amurka tare da mawaƙiyar Ingila Shirley Collins, inda a garin Como wani manomi mai suna Fred McDowell ya zo da jitarsa ya zauna ya kaɗa musu. A 1962 ya bi tsibiran Karibiyan. Ya rasu a 2002 yana da shekara 87. A 2012 ƙungiyar da ya kafa a 1983 ta saka faya-fayansa fiye da 17,000 a intanet, kowa ya saurara kyauta.

To, ɗan'uwanmu mai cewa ɓarawo ne kawai, muna tambayarka: wane ɓarawo ne yake shafe shekaru sittin yana kwana a mota don ya tara abin da zai bar wa kowa? Da bai je gidan yarin Parchman ba a 1947, yau da me jikokin waɗancan fursunoni za su ji muryar kakanninsu? Gwamnatin Misisipi ce za ta ɗaukar musu? Yabon gwani ya zama dole, ko da kuwa gwanin yana da tabo.

Kura da shan bugu

Amma fa tabon yana nan, kuma ba ƙarami ba ne. Mu fara da Huddie Ledbetter, wanda aka fi sani da Lead Belly. Lomax uba da ɗa sun same shi a gidan yarin Angola na jihar Luwiziyana a 1933, yana kaɗa jita mai tsirkiya goma sha biyu, kansa cike da ɗaruruwan waƙoƙi. Da aka sake shi a 1934 sai ya zama direban John Lomax, yana tuƙa shi daga wannan kurkuku zuwa wancan, yana kuma rera wa fursunoni waƙa don su gane irin abin da ake nema. An daɗe ana baza labarin cewa waƙarsa ce ta sa gwamna ya yi masa afuwa bayan Lomax ya kai masa faifan, alhali takardun gidan yarin sun nuna rangwamen kyakkyawan hali ne ya fitar da shi. Labarin farko ya fi daɗi, ya kuma fi ɗaga darajar Baturen, shi ya sa ya fi yawo.

A 1935 aka kai shi New York. Aka shirya fim ɗin labarai irin wanda ake nunawa a silima, aka sa masa rigar fursuna mai zane-zane, mutumin da ya riga ya gama zaman kasonsa, don masu kallo su fi jin daɗi. Yarjejeniyar da aka ƙulla da shi ta ba gidan Lomax kashi biyu bisa uku na abin da yake samu, shi mai maƙogwaro da yatsu ya tashi da kashi ɗaya. Ba a yi wata uku ba suka ɓata da John Lomax, aka rabu dutse a hannun riga. Lead Belly ya rasu a Disamban 1949 ba shi da komai. Bayan 'yan watanni, a 1950, wata ƙungiyar mawaƙa farare mai suna Weavers ta sake rera waƙarsa "Goodnight, Irene", ta yi mako 13 tana kan gaba a kasuwar faifai ta Amurka. Sunaye biyu ne a kan takardar mallakar waƙar: Huddie Ledbetter da John Lomax. Lead Belly da bakinsa ya ce a wurin kawunsa ya koye ta. To me John Lomax ya sa a ciki? Ya riƙe makirufo, ya kuma gyara baitoci don bugawa a littafi. In wannan ya isa a kira mutum mai waƙa, to mai ɗaukar hoton biki ma ango ne.

Za a ce ai wannan laifin uba ne, kada a ɗora wa ɗa. Gaskiya ne Alan ya fi mahaifinsa tausayi nesa ba kusa ba, ya ci gaba da abota da Lead Belly har mutuwarsa, ya sa shi a shirye-shiryen rediyo, ya nema masa kamfanonin faifai. Sai dai shi ma bai bar al'adar ba. Sunansa yana nan a takardun mallakar waƙoƙi masu yawa waɗanda bai tsara ko ɗango ɗaya a cikinsu ba, a matsayin wanda ya tattara ya gyara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, in ji masu iya magana. Ba mu ce Alan Lomax ya yi arziki da wannan ba, domin an san ya yi yawancin rayuwarsa yana fafutukar neman kuɗin aiki. Amma ƙanƙantar abin da aka ɗauka ba ta mayar da shi halal.

Ɗan jagoran da aka manta

Akwai wani tabon da ya fi na kuɗi taɓa mu, mu masu alƙalami, wato na suna. Farar fata ba ya shiga unguwar baƙaƙe a kudancin Amurka na wancan zamani ya ce a rera masa waƙa, a buɗe masa ciki haka kawai. Sai da ɗan gari. A 1935 marubuciya Zora Neale Hurston ce ta shige wa Alan gaba a jihohin Jojiya da Fulorida, ta kai shi har garinsu Eatonville. A jihar Alabama, Ruby Pickens Tartt ce ta haɗa gidan Lomax da Vera Hall, mai aikin girki da wanki wadda muryarta ta zaga duniya daga baya. A Ayalan akwai Seamus Ennis, a Sikotlan akwai Hamish Henderson. Ina sunayen waɗannan a bakin masu cewa Lomax ya "gano" wane da wane?

Mafi ciwo shi ne labarin John Work na Uku, farfesan kiɗa baƙar fata a Jami'ar Fisk. Binciken yankin Coahoma na 1941 da 1942, wanda a cikinsa aka ɗauki Muddy Waters, aikin haɗin gwiwa ne tsakanin Fisk da Ɗakin Karatu na Majalisa. Work yana wurin ranar da aka ɗauki Muddy Waters, ya yi masa tambayoyi, ya kuma zauna ya rubuta ɗimbin waƙoƙin da aka ɗauko da alamomin kiɗa, aikin da Lomax ba shi da horon yin sa. Lewis Jones da ɗalibi Samuel Adams, su ma na Fisk, sun zauna cikin mutanen yankin suna rubuta yadda suke rayuwa. Littafin da aka shirya fitarwa bai fito ba, rubutun Work ya ɓace cikin takardu. A 1993 Lomax ya fitar da littafinsa The Land Where the Blues Began, ya ci babbar lambar yabo ta masu nazarin littattafai a Amurka. A cikinsa ya cure tafiya biyu ta zama ɗaya, ambaton Work kuwa bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Work ya rasu tun 1967. Sai a 2005 Robert Gordon da Bruce Nemerov suka buga rubuce-rubucen mutanen Fisk ɗin nan uku a littafi mai suna Lost Delta Found, shekara sittin da ɗoriya bayan an yi aikin.

Masu kare Lomax sun yi ta musu a kan wane ne ya fara kawo shawarar binciken, wane ne kuma ya yi sakaci da rubutun. A bar su da musunsu. Abin da ba ya musantuwa shi ne mutum huɗu suka yi noma, aka kira gonar da sunan mutum ɗaya. Kalmar nan "ganowa" ita ce tushen ɓarnar. Muddy Waters bai ɓace ba balle a gano shi. Mutanen Stovall sun san shi, suna rawa da kiɗansa duk daren Asabar. Wanda bai san shi ba shi ne baƙon da ya zo daga Washington.

Uzurin da ake kawowa

Adalci ya sa mu saurari uzurin. Na farko, an ce dokar mallaka ta wancan zamani ba ta san waƙar da ba ta da marubuci ba. In ba a yi mata rajista da sunan wani ba, ta zama ta kowa, kuma "kowa" a kasuwar faifai yana nufin wanda ya fi ƙarfi. Misali yana nan: waƙar "Rock Island Line" da John Lomax ya ɗauka a bakin fursunonin jihar Arkansas a 1934, Lonnie Donegan na Birtaniya ya yi kasuwa da ita a 1956, fursunonin ba su ga ko sisi ba. Saboda haka, in ji masu uzuri, gara Lomax ya sa sunansa ya tsare ƙofa. Mun ji. Amma mai gadin da ya rubuta sunansa a takardar gida don kada ɓarayi su shiga, ranar da ya mutu 'ya'yan wa za su gaji gidan?

Na biyu, an ce wani lokaci ɓoye suna kariya ce. Wannan gaskiya ne, kuma a nan Lomax ya yi daidai. A 1947 ya zaunar da Big Bill Broonzy da Memphis Slim da Sonny Boy Williamson, suka yi hira ba ƙumbiya-ƙumbiya a kan yadda ake kashe baƙar fata a Misisipi kamar an kashe kaza. Da suka ji faifan sai tsoro ya kama su saboda danginsu da ke can. Da aka tashi fitar da shi bayan shekara goma, sunayen aro aka sa musu. To ga bambancin: su suka nema. Mai kaya ne ya ce a sakaya sunansa. Wannan daban, share sunan wanda bai ce a share ba daban.

Na uku, an ce ai daga ƙarshe an biya. A 1959 Lomax ya ɗauki wani fursunan Parchman mai suna James Carter yana ba da waƙar saran itace. A 2000 aka buɗe fim ɗin O Brother, Where Art Thou? da wannan murya, faifan waƙoƙin fim ɗin ya sayu miliyoyi. Ma'aikatan taskar Lomax, ciki har da 'yarsa Anna, suka shiga neman Carter har suka same shi a Shikago a 2002 yana da shekara 76, suka miƙa masa cakin dala 20,000. Shi kansa ya manta ya taɓa rera waƙar. Ya rasu a 2003. Wannan labari hujja ce a gare mu, ba a kanmu ba. Me ya sa aka iya samun Carter? Saboda a ranar da aka ɗauki waƙar Lomax ya rubuta sunansa a takarda. Layi ɗaya na biro ya zama dala 20,000 bayan shekara 43. Vera Hall kuwa ta rasu a 1964, ba ta ga yadda mawaƙi Moby ya ɗora muryarta a kan kiɗan zamani a 1999 aka yi ta rawa da ita a manyan biranen duniya ba. Amma ko ita an san wace ce, saboda an rubuta.

Da ya ɗauki kyamara

Lomax ya daɗe da gane cewa kunne kaɗai ba ya ɗauke waƙa duka. Tun a 1953, tare da Peter Kennedy da George Pickow, ya yi fim a kan bikin farkon watan Mayu na garin Padstow a Ingila. A 1978 ya koma Misisipi da kyamarar bidiyo tare da John Bishop da Worth Long, wanda baƙar fata ne ɗan gwagwarmayar 'yanci. Daga nan har 1985 suna ɗaukar masu bushe-bushe da ganguna, da tsofaffin leburorin jirgin ƙasa, da makaɗan tsaunukan Appalachia, da masu faretin New Orleans, abin da ya zama jerin finafinan talabijin mai suna American Patchwork. A ganinmu wannan ne aikinsa mafi tsabta. A faifai ana iya raba murya da mai ita, a kira ta "waƙar gargajiya". A fim kuwa ga fuskar tsoho, ga hannunsa da aiki ya ƙeƙasar, ga ƙofar ɗakinsa, ga sunansa a ƙasan allo. Kyamara ta tilasta abin da takardar mallaka ta ƙi yi.

Inda ya yi nisan kiwo shi ne tsarin awon waƙa da ya ƙirƙiro tare da Victor Grauer, inda ake auna kowace waƙa da ma'auni 37, a ce daga yadda al'umma take rera waƙa za a gane yadda take noma da yadda take riƙe mata. Ya bayyana shi a littafi a 1968. Masana da dama sun soki tsarin, musamman da yake waƙoƙi kamar goma ne ake ɗauka su wakilci al'umma guda. A nan ma mawaƙi ya sake ɓacewa, ya zama lamba a jadawali. Amma a 1972 mutumin nan ya rubuta kira wanda har gobe yana da amfani, inda ya nuna cewa rediyo da talabijin sun zama bakin 'yan tsiraru da kunnen kowa, kuma kowace al'ada tana da haƙƙin a ji ta a gidanta. Kiran daidai ne. Abin da muke cewa kawai shi ne a auna mai kiran da mudun da ya kawo.

Mu fa?

Laifi tudu ne. Mun taka namu mun hango na Lomax, to bari mu sauko. Wannan matsala ba baƙuwa ba ce a adabinmu. Sunan Frank Edgar ne a bangon Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa da ya fito tsakanin 1911 da 1913, alhali malamai ne suka rubuto masa da ajami. R. S. Rattray kuwa, a littafinsa na 1913, ya bayyana cewa Malam Shaihu ne ya tattara ya rubuta. Mary Smith ta sa sunan Baba ta Karo a kan littafin 1954, shi ya sa har yau muke kiran tsohuwar da sunanta. Ashe ko a zamanin Turawa akwai mai rubuta suna, akwai mai sharewa. Zaɓi ne, ba zamani ba.

Mu 'yan yau a wane layi muke? Sau nawa muka buɗe littafin ɗan ƙungiyar nan muka ga waƙar daɓe ko ta niƙa ko ta gaɗa an zuba ta cikin labari, ba a ce daga bakin wa aka ji ta ba, a wane gari, a wace shekara? Sau nawa ɗalibi ya je ƙauye ya cika kaset, ya sami digirinsa, tsohuwar da ta ba shi ba ta ko ga bangon kundin ba? A shafin godiya za ka ga sunan shugaban sashe da na mai buga na'ura da na amarya, mai waƙar kuwa sai a ce "wata tsohuwa". Mu malaman makaranta ma ba mu fita ba: mukan ba yara aikin hutu su rubuto waƙoƙin kakanninsu, mu ba da maki, takardun su ƙare a wurin mai ƙosai.

Gara ma wanda ya ɗauko bai rubuta suna ba, a kan wanda bai je ba sam. Manyan makaɗa sun sami masu yi musu hidima: Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Mamman Shata a 1975, Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙa, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da Shata Ikon Allah a 2006. Allah Ya saka musu. Amma Ɗanƙwairo ya tafi a 1991, Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015, kuma waɗannan su ne waɗanda gidajen rediyo suka ɗauka. Ina masu kiɗan noma da na maƙera da na mahauta da na masunta, waɗanda ba su taɓa ganin makirufo ba? Injin niƙa ya kashe waƙar niƙa, siminti ya kashe waƙar daɓe, ba da mugun nufi ba. Lomax ya yi jigilar kilo 140 a kan hanyoyin da ba kwalta. Mu kowannenmu yana yawo da wayar da ta fi na'urarsa kyau sau dubu a aljihu, muna ɗaukar hoton abinci da ita. Da wane baki za mu zage shi?

Saboda haka muna ba ƙungiya shawara, kuma muna so a tattauna ta a babban taro mai zuwa. Kowane reshe ya ɗauki ƙauye ko unguwa ɗaya a shekara, a je a ɗauki murya da hoto. Kafin a danna na'ura a nemi izini, a gaya wa mai waƙa abin da za a yi da ita, cikin harshen da zai gane. A rubuta cikakken sunansa da garinsu da ranar da aka ɗauka da wanda ya koya masa, sai fa in shi ya ce a sakaya. A rubuta sunan ɗan jagoran da ya kai mu, a bango ba a lungun shafin godiya ba. A mayar wa mai waƙa da iyalinsa kwafi kafin a kai ko'ina. In kuɗi ya fito, ko na goro ne, a kai masa kasonsa har gida. Duk littafin da ya ɗauko waƙar baka bai faɗi bakin da ta fito ba, kada alƙalan gasarmu su karɓe shi. Kada kuma wani ɗan ƙungiya ya sake rubuta cewa ya "gano" mawaƙi. Ya ce an kai shi, ya kuma faɗi wanda ya kai shi.

Ga ɗan'uwanmu mai muƙala, muna roƙonka ka sake ta, ka sa John Work da Zora Neale Hurston a inda suka cancanta. Ga ɗan'uwanmu mai zagi, muna jiranka da kaset ɗinka na farko. Shafukan mujallar nan a buɗe suke ga duk wanda yake ganin mun yi kuskure, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya jiƙan magabatanmu da suka rera suka tafi ba a rubuta sunayensu ba, amin.